Jaririn Hawa na Huɗu

Awatif dai kifi ta fita saye ranar, ba kare ba. Ruwa ne ya tsinke mata a hanya, irin ruwan hunturun nan namu na Iskandariyya da ba ya sallama, ta faɗa ƙofar da ta fi kusa don ta fake. Ashe ɗan asibitin dabbobi ne, inda 'yan matan unguwa ke kai kuliyoyi da karnukan da suka tsinto a titi. Tana tsaye tana matse gefen mayafinta sai ta ji wani siririn kuka daga cikin kwalin takalmi.

Ta leƙa. Ɗan kwikwiyo ne ruwan ƙasa, bai fi tafin hannunta ba, madara na fitowa ta hancinsa tana kumfa.

"Wannan kuma wa ya huda shi?" in ji Awatif.

Likitar, wata yarinya mai tabarau da ake kira Dakta Maisa, ta buɗe bakinsa da ɗan yatsa ta nuna mata. Ganɗarsa ce a tsage, rufin bakin ya rabe biyu, hanya ta buɗe tun daga baki har hanci. Ba ya iya tsotso, shi ya sa uwarsa ta ture shi gefe a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, can aka tsinto shi.

"Sai an riƙe shi a tsaye, Mama, a ɗiga masa madara da sirinji kaɗan-kaɗan. In ya sha kuma a rungume shi a ƙirji har ta sauka. In aka kwantar da shi da wuri ya ƙware, ta bi hanyar numfashi, shi ke nan. In ya yi ƙwari nan da wasu watanni sai a ɗinke wurin. Amma wa ke da wannan lokacin? Ni kaɗai ce, ga karnuka cike da ɗaki."

To, lokaci kuwa shi ne abin da Awatif ta fi kowa da shi. Mijinta ya rasu, ɗanta Wa'il yana Kuwait, sai ranar Juma'a ya kira ya tambayi hawan jininta ya kashe. Har yanzu tukunyar mutum huɗu take ɗorawa, ta ci rabon rabin mutum. Ta ce, "Allah ya kawo masa mai ɗauka," ta juya za ta fita. Kwikwiyon ya yi atishawa, kumfar hancinsa ta fashe, ya razana da kansa ya faɗi ta baya. Awatif ta koma gida da kwalin takalmi a jakar kifi, da gwangwanin madara, da sirinji. Kifi kam sai wata rana.

Matsalar guda ce, kuma tana zaune a hawa na ɗaya. Hajiya Fikriyya, mai gidan da suke haya, ƙofarta kullum a buɗe, kujerarta na kallon matattakala, ko ƙuda ya hau bene sai ta san ɗakin da ya nufa. Dokarta kowa ya haddace: kare ba ya kwana a gidanta. Ta taɓa korar wani malamin makaranta da kayansa saboda ya riƙe wa abokinsa kare na yini ɗaya. Awatif kuwa tun tana amarya take hawa na huɗu, ba ta san wani gida ba. In asiri ya tonu, ko kare ya koma titi ya mutu, ko ita ta bi shi.

Ta wuce da jaka a ƙirji tana gaisuwa da sauri.

"Ummu Wa'il, nawa kifi yau?" in ji Hajiya.

"Ya yi tsada, Hajiya, kamar da zinari ake kiwonsa."

"Jakarki na motsi."

"Ɗanye ne sosai," in ji Awatif, ta haye.

Daga ranar gidan Awatif ya zama gidan mai jego. Ta ɗiga madara, ta goge hanci, ta ɗora shi a ƙirji ta yi ta kai-komo a falo tana jijjiga shi har ya yi gyatsa. Ta manta da ciwon gwiwa, ta manta da wasan kwaikwayon da take bi a talabijin. Tunda ba ta iya barinsa ta fita, sai ta koma sayayya ta baranda kamar kowa: ta zura kwando da igiya, ta ƙwala wa mai kemis na ƙasa kira, ya zuba mata abin da take so ta jawo.

Abin da ta manta shi ne kwandon sai ya bi ta gaban barandar Nargis, ta hawa na uku. Nargis kuwa kwastan ce. Ba kwandon da ke wucewa ba ta leƙa ba, ta san wanda ke cin nama da wanda ya koma wake. Ranar farko ta ga auduga da ƙananan tawul. Ta biyu ta ga hodar jarirai. Ta uku ta ga bulumboti, don Awatif ta ce bari ta gwada ko zai fi sirinji. Ga kuma siririn kuka da ke sauko mata ta rufi, ga takun mai jijjiga. Nargis ta ɗora mayafi ko ƙwai ba ta sauke daga wuta ba.

Awatif ta buɗe ƙofa da abu a ƙirji, lulluɓe cikin shawul. Abin ya yi ɗan kuka.

"'Yar'uwa," in ji Nargis a hankali, tana kallon shawul tana kallon Awatif, "a shekarunki?"

"Ke, rufa mini asiri. Ɗan 'yar ƙanwata ne ta garin Tanta. Uwar tana asibiti, aka kawo mini."

Ƙarya dai kamar zaren saƙa ce, ka ja kaɗan ta yi ta biyo ka. Kafin Nargis ta gama shan shayi, jariri ya samu uba matuƙin jirgin ruwa da ba a san ranar dawowarsa ba, ya samu kaka mai mugun hali, ya kuma samu ciwo a ganɗa, wanda shi kaɗai ne gaskiya a duk zancen. Nargis ta miƙa hannu za ta ɗaga shawul, Awatif ta ja da baya.

"Ido, 'yar'uwa. Yaro mai lalura, uwarsa ta rantsar da ni kada kowa ya ga fuskarsa sai ya yi arba'in."

Wannan kam ba mai ja. Nargis ta tofa gefe, ta buɗe yatsu biyar ta nuna wa ƙofa don korar mugun ido, ta ce haka ya kamata, mutanen gidan nan idonsu ya fi allura. Sannan ta tambayi sunansa.

"Ba a sa ba tukuna."

"Ba a yi masa bikin bakwai ba?"

"Ina aka ga sukuni?"

Nargis ta sauka bene da gudun da ba a taɓa ganin ta yi ba. Awatif ta tsaya tana jin takunta yana wuce hawa na uku, yana wuce na biyu, ta ce a ranta ta kashe kanta da bakinta.

Hajiya Fikriyya, wadda ta yi shekaru ba ta hau sama ba saboda ƙiba da gwiwa, sai ga ta a ƙofar Awatif tana haki, Nargis na tura ta ta baya.

"Ummu Wa'il, ashe ke muguwa ce ban sani ba? Yaro a ƙarƙashin rufina, ba a sa shi a rariya ba, ba a buga masa turmi ba, ba a watsa gishiri ba? Me za a ce da ni a unguwa?"

"Hajiya, ai kwana bakwai ya wuce."

"Wa ya ƙirga?"

"Likita ta ce ba ya son hayaniya."

"Likitocin yanzu. Yaron da bai ji turmi ba, matsoraci yake tashi, ko ƙofa aka buga sai ya shige ƙarƙashin gado. Kin ga surukin Nargis? Ba a buga masa ba."

"Wallahi ba a buga masa ba," in ji Nargis.

"Alhamis bayan la'asar, a falona. Kunun jego da gyaɗa da alewar yara duk a kaina. Fuska kuma ki rufe abinki, ni ma ban yarda da idon matar hawa na biyu ba."

Awatif ta yi tunanin duniya kafin Alhamis. Ta yi tunanin aro jariri na gaske, ta rasa wa za ta tambaya da wace fuska. Ta yi tunanin 'yar tsana, ta tuna Hajiya sai ta ɗaga ta ji nauyi, kuma jaririn da ba ya motsi ya fi kare tayar da hankali. Ta yi tunanin mai da shi asibiti, ta dube shi yana barci da baki a buɗe, cikinsa ya fara zama ɗan tulu, ta ce a'a. Daga ƙarshe ta zauna ta ɗinka masa farar riga da rigar matashin aurenta, da hula mai igiya da ta danne kunnuwa. Wutsiya ta naɗe ta cusa a nafkin. Ta ƙara tawul biyu don tsawo, ta lulluɓe duka da farin shawul, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Da ta ɗaga shi gaban madubi, ita kanta sai da ta ce tubarkalla.

Dabara ɗaya ta rage, ya yi barci har a gama. Don haka ana dab da sauka ta ɗura masa madara har ya ƙoshi, fiye da yadda ta saba. A nan ta yi kuskure, amma mai tsoro ba ya lissafi.

Falon Hajiya ya cika maƙil. Matan gidan, matan gidan da ke kallonsu, yara kowa da ɗan kyandir a hannu, ƙamshin man shanu da kunun jego ya cika ko'ina. An yi wa rariya ado da farin yadi da furanni. Turmin tagulla na Hajiya yana tsakiyar tabarma yana ƙyalli, an goge shi da lemun tsami.

Aka fara da suna. Tunda uba yana teku, Hajiya ta ce kyandir zai raba gardama, kamar yadda kakanni ke yi: a kunna uku, kowanne da suna, wanda ya riga sauran mutuwa ya fita, wanda ya daɗe shi ne sunan yaro. Nargis ta ba nata Hazim, sunan likitan haƙoran da take wa 'yarta kwaɗayi. Awatif ta rasa abin cewa ta ce Nabil. Hajiya ta ce nata Shaukat, sunan marigayi mijinta, ta share ƙwalla. Kowa ya ga kyandir ɗin Hajiya ya yi kaurin biyu na sauran, kuma na Nargis an ajiye shi daidai bakin taga, amma wa zai yi magana ana shan kunun mutum? Hazim ya mutu da iskar farko. Nabil ya ɗan yi ƙoƙari. Shaukat ya tsaya ƙyam, aka rangaɗa guɗa.

"Kawo mini Shaukat," in ji Hajiya, ta miƙa hannu.

Awatif ta miƙa shi.

"Kai, ba nauyi. Kuma gashi gare shi, ina ji ta cikin riga."

"Gadon gidan ubansa ne," in ji Awatif. "Duk haka suke."

"Da ɗan ƙarni-ƙarni."

"Teku, Hajiya."

Hajiya ta gyaɗa kai, ta kwantar da shi a rariya, rigingine a bayansa. Aka ce Awatif ta tsallaka shi sau bakwai a madadin uwarsa. Ta tattare riga tana tsallakawa tana addu'ar da ba ta shafi bikin ba. Wata tsohuwa ta bi kusurwoyi tana watsa gishiri a idon mahassada. Sannan Hajiya ta ɗauki taɓarya ta maka wa turmi, ƙarar ta cika gidan har kofuna suka amsa.

"Shaukat, ka ji maganar uwarka," in ji ta. Ta sake bugawa. "Kada ka ji ta ubanka."

Mata suka kwashe da dariya, kowa ta jefo tata.

"Ka ji maganar Hajiya, ka biya haya a kan lokaci."

"Kada ka ji ta Nargis, ko da gaskiya ta faɗa."

"Ka girma ka zama likita, ka auri jikata," in ji Nargis.

"Ka zama mai tsaron gidan nan," in ji matar hawa na biyu, "kowa ya shigo ya ji muryarka."

Awatif ta ce amin a ranta, don wannan kam za ta iya yiwuwa.

Sai Hajiya ta ajiye taɓarya, ta kama rariya da hannu biyu ta shiga girgizawa, yadda ake yi don yaro ya saba da jijjigar duniya. Dama, hagu, dama, hagu, yara na tsalle da kyandir suna waƙa.

A cikin duk wannan hayaniya Awatif kaɗai ta ji. Wani ɗan tari ne ƙarami, sai wani sauti kamar ana tsotsar ruwa da tsinke, sai shiru. Ta san shirun. An kwantar da shi da cikakken ciki, an girgiza, madara ta hau ta bi inda ba a aike ta ba. Ta ga farin shawul ya jiƙe daidai kafar numfashi.

Ta dubi Hajiya, ta dubi ƙofa. Bene uku da gwiwarta, kafin ta kai sama ya tafi. Ba ta sake tunani ba. Ta durƙusa ta fizge shi daga rariya, ta warware shawul, ta cire hula, kunnuwa biyu suka faɗo. Ta kifa shi a tafin hannunta kansa ƙasa, ta yi ta shafa bayansa da ƙarfi, ta sa bakin mayafinta ta goge hanci, ta sake shafawa.

"Haba ɗan nan, haba. Yi numfashi don Allah, kada ka kunyata ni sau biyu."

Ya yi wata atishawa da ta fi ƙarfinsa, madara ta fantsama har kan turmin tagulla. Ya ja iska, ya yi kuka. Nafkin ya zame, wutsiya ta fito, ta kaɗa sau ɗaya.

Wata yarinya ce ta fara magana.

"Mama, Shaukat yana da wutsiya."

Nargis ta dafa ƙirji. "Na ba shi jikata," in ji ta, ba ta kallon kowa. "A gaban mutane na ba shi jikata."

Awatif ta miƙe da shi a ƙirji, a tsaye yadda ya kamata tun farko. Tsoron ya tafi, sai gajiya. "Hajiya, ba ni da 'yar ƙanwa a Tanta. Uwarsa ta yar da shi don bakinsa a tsage yake, in na sake shi kwana ɗaya ba zai yi ba. Gidanki ne. In kin ce mu fita, ki ba ni zuwa ƙarshen wata in nemi ɗaki, amma tare za mu fita."

Hajiya Fikriyya ta dubi madarar da ke gangarowa a jikin turminta. Ta dubi kyandir mai kauri da har yanzu yake ci. Fuskarta ta yi ja, ta yi fari, ta sake yin ja. Mata suka fara laluben takalma.

"Kowa ta zauna," in ji Hajiya. "Kunun nan da man shanu na gaske na dama shi, sai an shanye."

Aka zauna. Aka sha kunu ba mai kallon wani. Da kofuna suka koma faranti, Hajiya ta nuna Awatif da taɓarya.

"Ke, ki saurare ni. Turmin nan na kakata ne. Duk yaron da aka buga wa shi ya rayu, ya yi hankali, ya yi aure. Akwai injiniya, akwai mai gidan burodi, akwai wanda ya je gidan yari amma ya fito da ƙiba. Ko ɗaya bai mutu a zanen goyo ba. Ba zan bari a ce na farkon da ya lalace a hannuna kare ne ba, kuma mai sunan Alhaji mijina. Kin ji ko? In ya mutu, ke da ni ne."

"Hajiya, wato..."

"Ban ce komai ba. Ɗauke shi daga falona, zan wanke tabarma sau bakwai. Kuma ƙafarsa kada ta taɓa matattakalata."

Awatif ta haye sama da shi a ƙirji, gwiwa ko ciwo.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa. Hajiya ce, tana haki, ta dafa bango, ita kaɗai ta hau ba mai turawa. Awatif ta ce ta shigo, Hajiya ta ce Allah ya kiyaye, ta tsaya daidai bakin ƙofa tana tattare riga.

"Ya sha?"

"Ya sha, Hajiya."

"Ta hanci ko ta baki?"

"Yawanci ta baki."

"Ɗaga kansa sama, ke ba ki iya riƙon yaro ba, shi ya sa Wa'il ya tashi da ƙeya a baje. Yaushe za a yi masa ɗinkin?"

"Sai ya yi ƙwari, in ji likita."

"To ki ƙara masa madara, dube shi kamar ɓera." Ta juya za ta sauka, sai ta tsaya. "Kuma sunan nan, kada in ji shi a bakinki daga baranda. Ba za a ce Shaukat ya yi fitsari a tabarma unguwa na ji ba."

"To me zan kira shi? Kyandir ya riga ya yanke."

Hajiya ta dubi kwikwiyon, shi ma yana dubanta, kumfa ɗaya na kumbura a hancinsa tana komawa.

"Ki ce Basha, wato mai girma," in ji ta. "Shi ma marigayin haka nake kiransa in ya ɓata mini rai."